Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Firimiyar Ingila: Da Wane Ma'auni Kuke Shigar Da Mutum Zauren Gwarzaye?

Zuwa ga Yallaɓai Richard Masters, babban jami'in gudanarwa na gasar Firimiyar Ingila, da duk waɗanda ke zama tare da shi a yanke shawarar wanda zai shiga Zauren Gwarzayen gasar.

Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Na rubuto ne a kan zauren nan da kuka buɗe a 2021 domin karrama waɗanda suka yi wa gasarku hidima tun kafuwarta a 1992. Zuwa zaɓen 2025 kun shigar da mutum 26, wato 'yan wasa 24 da masu horarwa biyu, Sir Alex Ferguson da Arsene Wenger. A kan dattawan nan biyu ba ni da ta cewa, kuma ban taɓa jin wanda ya yi musu ba. Maganata a kan 'yan wasan take. Babu rago ko ɗaya a cikinsu, wannan kowa ya sani. Amma zauren gwarzaye ba wurin duk wanda ya iya ƙwallo ba ne, wuri ne da ake cewa wannan ya ɗara wancan, kuma a nan ne lissafinku ya ƙi fita.

Kada ku ce ina ruwan Bahaushe da sha'anin Ingila. Tun kwantiragin da ya fara aiki a 2022, kuɗin da kuke karɓa daga tashoshin talabijin na ƙasashen waje ya zarce na cikin gida. Wani abu daga cikin kuɗin nan daga aljihun mai gidan kallo ya fito, a Kano da Jos da Maraɗi da zangon Kumasi, wanda ke biyan kuɗin tasha duk wata, ya sayi man janareta, ya jera benci. Kuma ku da kanku kuka buɗe ƙuri'a a intanet kuka ce kowa ya zo ya jefa. Wanda aka gayyata zaɓe yana da bakin tambayar yadda aka yi ƙirga.

Ƙa'idojinku a rubuce suke, ba su da wuyar ganewa. Dole mutum ya riga ya rataye takalmansa. Dole ya buga wasa 250 a gasar, sai fa idan ya buga 200 a ƙungiya ɗaya, ko ya ɗauki kofin sau uku, ko ya ci ƙwallo 100, ko gola ne da ya yi wasa 100 ba a zura masa ba, ko ya taɓa lashe takalmin zinare ko safar zinare ko kyautar gwarzon kaka, ko sunansa ya fito a tawagar da kuka zaɓa ta shekara goma ko ta shekara ashirin. Wannan ƙofa ce mai faɗi, mutane da yawa za su wuce ta cikinta ba tare da sun goga kafaɗa ba, saboda haka ainihin tankaɗe da rairayar a wani wurin ake yin su. Sharaɗin da ya fi nauyi shi ne na ƙarshe: abin da mutum ya yi a Firimiya kaɗai ake dubawa. Ba Kofin Zakarun Turai, ba Kofin FA, ba Kofin Duniya, ba abin da ya faru kafin Agustan 1992. Ku kuka rubuta wannan da hannunku, kuma ku ne kuka fi kowa taka shi.

Mu fara da Andy Cole, domin a kansa abin ya fi fitowa fili. Ranar da kuka buɗe zauren, mutum biyu kaɗai suka fi shi cin ƙwallo a tarihin gasar, Alan Shearer mai 260 da Wayne Rooney mai 208. Cole yana da 187, kuma ɗaya tak daga ciki ce ta fenareti. Ya ɗauki kofin sau biyar. Ya lashe takalmin zinare a kakar 1993/94 da ƙwallo 34, a Newcastle ɗin da ta hauro daga rukuni na biyu a shekarar. Shi ne ya fara cin biyar a wasa guda, ranar da Manchester United ta yi wa Ipswich 9 da nema a Maris na 1995. Duk wannan a Firimiya aka yi, babu aro daga wata gasa. Amma sai 2024 kuka tuna da shi. Kafin nan, a 2022, kun shigar da Ian Wright mai ƙwallo 113 da Didier Drogba mai 104. Yallaɓai, ta wace hanya 113 ta riga 187 shiga ɗaki?

Kowa yana son Ian Wright. Mutum ne mai fara'a, mai barkwanci, wanda ya yi shekaru yana sharhin wasanni a talabijin har yaran da ba su taɓa ganin ya taɓa ƙwallo ba suka saba da dariyarsa. Labarinsa ma abin so ne, domin sai da ya kusa shekara 22 kafin ya samu ƙungiyar da ta ɗauke shi a matsayin ƙwararre. Sai dai takalmin zinaren da ya ci na kakar 1991/92 ne, da ƙwallo 29, kaka ta ƙarshe kafin a haifi Firimiya. A cikin gasarku bai taɓa cinsa ba. Kofi ɗaya ya ɗauka, a 1998, kuma a zangon ƙarshe na wannan kakar rauni ya kwantar da shi, yaro Nicolas Anelka ne ya riƙe gurbin. Tarihin yawan cin ƙwallo na Cliff Bastin da ya karya a Arsenal a 1997 na dukkan gasanni ne a haɗe. Sa'anninsa na wancan zamani, Robbie Fowler mai 163 da Les Ferdinand mai 149, har yau suna bakin ƙofa. Idan aka ce Wright ya cancanci girmamawa a matsayin gwarzon ƙwallon Ingila baki ɗaya, na yarda, kuma akwai wurin da aka tanada don haka: zauren gwarzaye na gidan tarihin ƙwallon ƙafa na ƙasa, wanda aka fara tun 2002, kuma tuni sunansa yana can. Naku zauren kun ce na Firimiya ne zalla.

Maganar Drogba ta fi yi mini nauyi a baki, domin shi ne kaɗai wanda ya wakilci wata ƙasar Afirka a cikin mutum 26 ɗin nan. Patrick Vieira a Dakar aka haife shi, amma Faransa ya buga wa. Duk da haka gaskiya ɗaya ce. Ga ƙwallayen Drogba a Firimiya kaka bayan kaka: 10, 12, 20, 8, 5, 29, 11, 5, sai 4 da ya dawo a 2014. Kaka biyu ya yi na ban mamaki, kuma a duk biyun ya ɗauki takalmin zinare. Sauran bakwai ɗin, a huɗu bai kai goma ba. Drogban da ke zukatanmu shi ne na wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai a Munich a 2012, wanda ya tashi ya sa kai ana saura minti biyu a tashi, ya kuma buga fenaretin ƙarshe, da na Wembley wanda ya ci ƙwallo a wasan ƙarshe na Kofin FA har sau huɗu. Masu ƙuri'a wancan Drogban suka zaɓa, ku kuma kuka karɓa kamar ba ku kuka ce ba a duba waɗannan ba. Da ni ke zaɓe da zan shigar da shi, don kofuna huɗu da irin wahalar da ya ba masu tsaron baya ba ƙaramin abu ba ne. Amma da ya bi bayan Cole a layi.

David Beckham kuwa a ayarin farko kuka sa shi, tare da Shearer da Thierry Henry da Eric Cantona da Roy Keane da Frank Lampard da Dennis Bergkamp da Steven Gerrard. Ban raina ƙafarsa ta dama ba. Ƙwallo 18 ta bugun tazara, kofi shida, da waccan ta tsakiyar fili a ragar Wimbledon a 1996, duk gaskiya ne. To amma ya bar gasar a 2003 yana ɗan shekara 28, bai taɓa zama gwarzon kakarku ba, kuma a tsakiyar filin United ɗin da ya buga, Paul Scholes ya ɗauki kofi 11, Ryan Giggs ya ɗauki 13. Scholes sai da ya jira wata shekarar. Shin akwai wanda zai rantse cewa da Beckham bai zama fuskar da ake gani a allunan talla daga Tokyo zuwa Legas ba, zai riga Scholes da Rooney da Peter Schmeichel shiga? Sabon zaure yana buƙatar sunan da zai ja hankalin duniya, na fahimci wannan. Sai ku ce mana kasuwanci kuka yi, mu san inda muka dosa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, duk hujjar da aka kawo don kare wani na ciki, ita ce ke buɗe ƙofa ga wani na waje. A ce Gerrard bai taɓa ɗaukar kofin gasar ba, kuma daren Istanbul na 2005, da Liverpool ta ɗauki Kofin Zakarun Turai, ba ya cikin lissafi, sai a ce ai ba kofi ake dubawa ba, mutum ake dubawa: wasa 504, ƙwallo 120, shekaru yana ɗauke da Liverpool a kafaɗarsa. Madalla, na yarda, Gerrard ya cancanta ko da santsin da ya kwashe shi a gaban Demba Ba a 2014. To ina Matt Le Tissier, ɗan wasan tsakiya na farko da ya kai ƙwallo 100 a gasar, wanda ya ƙi barin Southampton duk da manyan ƙungiyoyi sun neme shi, kuma ƙungiyar ba ta faɗi ba muddin yana cikinta? Cin ƙwallo 25 a kaka guda a ƙungiyar da ke fafutukar tsira ya fi wuya a kan cin 25 a ƙungiyar da ke da Giggs a hagu da Beckham a dama. Sai kuma a juyo kan Gary Neville, wanda kuka shigar a 2025, mai wasa 400 da ƙwallo biyar, a ce ai kofi takwas ya ɗauka. Ashe dai kofi ake dubawa? Idan haka ne, Nicky Butt da Phil Neville suna da shida-shida, John O'Shea da Wes Brown suna da biyar-biyar, Henry kuwa biyu gare shi. Ba wanda zai ce O'Shea ya fi Henry. A kasuwarmu, ɗan awon da ke ajiye mudu biyu, babba na saye da ƙarami na sayarwa, ba ya daɗewa kafin sarkin kasuwa ya aika a kira shi.

Bari in yi wa Neville adalci. Mai tsaron bayan dama ne mai ƙwazo da ladabin aiki, ya yi kyaftin, kuma sunansa ya fito a tawagarku ta shekara goma da ta shekara ashirin. Zaure kuma bai kamata ya zama na masu cin ƙwallo kaɗai ba. Amma ku koma ku duba waccan tawaga ta shekara goman farko da kuka sanar a 2003: Schmeichel a raga, Neville da Tony Adams da Marcel Desailly da Denis Irwin a baya, Beckham da Vieira da Scholes da Giggs a tsakiya, Shearer da Cantona a gaba. Takwas daga cikin goma sha ɗayan nan sun shiga. Irwin, wanda ya ɗauki kofi bakwai, yake buga hagu da dama, yake bugun fenareti da na tazara, wanda Ferguson da bakinsa ya ce da za a zaɓi tawagar zamaninsa shi ne wanda ba a tababar gurbinsa, ko cikin mutum 15 da kuka fitar don ƙuri'ar 2025 bai samu shiga ba. Bambancin da nake iya gani tsakanin mutanen nan biyu shi ne, ɗaya yana kan allon talabijin duk ƙarshen mako yana faɗa wa duniya ra'ayinsa, ɗayan ya koma gefe ya yi shiru. Ku ƙirga nawa ne daga cikin 'yan zaurenku suka yi ko suke aikin sharhi: Shearer, Wright, Keane, Henry, Scholes, Schmeichel, Rio Ferdinand, Neville. Wasunsu ko da sun shiga daji sun ɓuya da an nemo su an karrama. Wasu kuwa makirufo ya taimaka.

Nemanja Vidic shi ne kaɗai mai tsaron baya da ya zama gwarzon kakarku sau biyu, a 2009 da 2011. Kofi biyar ya ɗauka. A kakar 2008/09 yana tsakiyar bayan da ya yi wasa 14 a jere ba a zura wa United ƙwallo ba. Abokin tsayuwarsa Ferdinand ya shiga tun 2023, John Terry ya shiga a 2024, Vincent Kompany tun 2022, kuma a cikin ukun nan Kompany kaɗai ya taɓa cin wannan kyauta, sau ɗaya. Kyautar taku ce. Ku kuka ce sau biyu babu wanda ya fi Vidic a duk faɗin gasar, yanzu kuma kun bar shi a waje yana kallo.

Sai Yaya Toure. A kakar 2013/14 ya ci ƙwallo 20 daga tsakiyar fili, abin da kafinsa Lampard kaɗai ya taɓa yi a wannan gurbi. A Mayun 2012, ana saura wasa biyu a rufe kaka, Manchester City ta je Newcastle tana buƙatar nasara ko ta halin ƙaƙa. Wasa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa har Roberto Mancini ya tura Yaya gaba, ya ci biyu. Ba don wannan rana ba, da ƙwallon Sergio Aguero a ragar QPR mako guda bayan nan ba ta zama wadda ta ba City kofin ba. Kofi uku ya ɗauka. Aguero da Kompany sun shiga, an ma yi musu mutum-mutumi a gaban filin wasa. David Silva, mai kaka goma da kofi huɗu da ƙwallo 93 da ya ba wasu suka ci, shi ma yana da mutum-mutumin amma ba shi da gurbi a zaurenku. A 2025 kun tsallake su duka kun ɗauki Eden Hazard. Hazard ɗan wasa ne da ake tashi tsaye idan ƙwallo ta je ƙafarsa, ya zama gwarzon kaka a 2015, kuma ban ce kada ya shiga ba. Amma kaka bakwai ya yi, kofi biyu, kuma a ɗaya daga cikin bakwai ɗin, 2015/16, sai watan Afrilu ya ci ƙwallonsa ta farko a gasar, Chelsea ta ƙare ta goma. Yaya ya sha faɗa a fili cewa da ba ɗan Afirka ba ne da an fi ganin girman abin da ya yi. Ni ban isa in shiga zukatan masu zaɓe ba. Abin da zan ce kawai, jerinku bai ƙaryata shi ba tukuna.

Don kada a ce son kai ne ya sa ni magana, ba na roƙa wa 'yan Najeriya gurbi. Nwankwo Kanu ya ba mu ranar da ba za mu manta ba a Stamford Bridge a 1999, ana cin Arsenal biyu da nema ya rama uku shi kaɗai a cikin minti 15 na ƙarshe, ya kuma ɗauki kofi biyu. Jay-Jay Okocha ya sa mutanen da ba su san inda Bolton take ba suka riƙa kallon wasanta. Yakubu Aiyegbeni ya ci 95. Mikel Obi ya yi shekara goma a tsakiyar Chelsea. Muna alfahari da su, amma idan aka auna da ma'aunin da nake nema, ba su kai ba, kuma ba zan nemi a sassauta musu ba.

Yanzu ga babbar magana, wadda kuke ta kewaye ta. Ryan Giggs ya buga wasa 632, ya ɗauki kofi 13, ya ba da ƙwallo 162 aka ci, kuma babu wanda ya kamo shi a biyun ƙarshen nan. Idan abin da aka yi a fili ne ma'auni, kamata ya yi a ce da shi aka buɗe zauren. A watan da kuka sanar da Shearer da Henry, Afrilun 2021, aka tuhume shi da cin zarafin tsohuwar budurwarsa da takura mata, zargin da ya musanta. A lokacin, dakatawa ta yi daidai, maganar tana gaban kotu. A Agustan 2022 masu taya alƙali yanke hukunci suka kasa cimma matsaya. A Yulin 2023 masu gabatar da ƙara suka janye, alƙali ya rubuta cewa ba a same shi da laifi ba. An yi zaɓen 2024, an yi na 2025, sunansa bai fito ko a jerin 'yan takara ba.

Idan kuna da sharaɗin ɗa'a, wannan haƙƙinku ne, kuma ni ba zan yi faɗa da shi ba. Akwai masu ganin abubuwan da aka ji a zaman kotun sun isa su sa a yi nesa da mutum ko da ba a ɗaure shi ba, kuma ra'ayi ne da ya cancanci a saurara. Amma sai ku rubuta sharaɗin kowa ya gani, sannan ku auna kowa da shi. Cantona ya yi tsalle ya tokari ɗan kallo da ƙafa a filin Crystal Palace a Janairun 1995, kotu ta same shi da laifi, ya yi aikin al'umma na awa 120, bai dawo fili ba sai Oktoba. Yana ciki, a ayarin farko ma. Keane ya tafka wa Alf-Inge Haaland, mahaifin Erling, mummunar ƙeta a 2001, daga baya abin da ya rubuta a kai a littafin tarihinsa ya jawo masa dakatarwar wasa biyar da tarar fam 150,000. Yana ciki. An dakatar da Ferdinand wata takwas saboda bai je gwajin ƙwayoyi ba a 2003. Yana ciki. Terry kotu ta wanke shi a Yulin 2012 daga zargin zagin Anton Ferdinand da launin fatarsa, amma hukumar FA ta same shi da laifi bayan wata biyu, ta dakatar da shi wasa huɗu da tarar fam 220,000. Yana ciki, a gasar da 'yan wasanta suka yi shekaru suna durƙusawa da gwiwa ɗaya kafin a take wasa don nuna ƙin wariyar launin fata. Uku daga cikin huɗun nan a cikin filin Firimiya suka yi abin da suka yi, a gaban kyamarorinku. Ko dai ɗa'a tana cikin lissafi, wasu na ciki su zama abin tambaya, ko ba ta ciki, Giggs ya shiga. Shirun da kuka yi bai yi wa kowa adalci ba, har da matar da ta kai ƙara.

Wani abin lura kuma, in ban da Shearer, duk 'yan wasan da ke zauren a ƙungiyoyi biyar suka yi sunan da ya shigar da su: United, Arsenal, Chelsea, Liverpool da City. Tara daga cikin 24 'yan United ne. Wani ɓangare na wannan babu makawa, domin su suka fi ɗaukar kofi. Wani ɓangaren kuwa aikin ƙuri'ar jama'a ne, kuma mu masu jefa ta mun san kanmu. A gidan kallo, ɗan Chelsea ba zai taɓa zaɓar Sol Campbell a kan Terry ba ko da za a kwana ana kawo masa hujja, ɗan United kuma Neville zai danna wa ko da Silva na kusa da shi a jeri. Ƙungiyar da ta fi yawan magoya baya masu waya a hannu ita ke cin zaɓe. Southampton da Sunderland ba su da runduna a Kano ko Jakarta. Kevin Phillips ya ci 30 a Sunderland a kakar 1999/2000 har ya ɗauki takalmin zinare na Turai baki ɗaya, Gareth Barry ya buga wasa 653. Ban ce lallai su shiga ba, amma a tsarin da ake kai yanzu ko muhawara a kansu ba za a yi ba. Da yawa daga cikin masu ƙuri'ar ma ba a haife su ba lokacin da Fowler ya ci Arsenal uku cikin minti huɗu da daƙiƙa 33 a 1994.

Al'adar zauren gwarzaye daga Amurka kuka aro ta, to da kun aro har da tsarinta. A zauren wasan besbol da ke Cooperstown, sai mutum ya shekara biyar da ritaya kafin a sa shi a takara, sai ya samu kashi 75 cikin 100 na ƙuri'un marubuta wasanni, kuma ana buga yawan ƙuri'ar da kowa ya samu. Suna da sharaɗin ɗa'a a rubuce, shi ya sa kowa ya san zargin amfani da ƙwayoyin ƙara ƙarfi ne ya hana Barry Bonds shiga duk da tarihin da ya kafa. Zauren ƙwallon Amurka da ke Canton a jihar Ohio, wanda aka buɗe a 1963, shi ma yana da jiran shekara biyar da kwamitin zaɓe da aka san mutanensa. Hakan bai hana su rigima ba. Har gobe ana musu a kan Joe Namath, ɗan wasan da aikinsa jefa wa abokan wasansa ƙwallo ne, wanda aka shigar a 1985 alhali jifan da abokan hamayya suka cafke masa, 220, ya fi wanda ya kai ga ci, 173, kuma masu suka na cewa suna da wasan ƙarshe guda ɗaya ne suka shigar da shi. Amma aƙalla mai musu ya san wa zai tuhuma. Mu kuwa sai dai mu wayi gari mu ga hoton mutum riƙe da lambar yabo, an ce an ba da fam 10,000 ga gidauniyar da ya zaɓa.

Jiran shekara biyar ɗin nan kuna buƙatarsa. Aguero ya yi ritaya a Disambar 2021, kafin ƙarshen Afrilun 2022 ya shiga. Shi kam ya cancanta ko yaushe ne, ƙwallo 184 ba wasa ba. Amma ɗumin rabuwa yana ruɗin ido, kuma wata rana zai shigar muku da wanda bayan shekara goma za ku yi ta kame-kame. Sannan ku dubi yadda kuka rage adadin: takwas a 2021, takwas a 2022, biyar a 2023, uku a 2024, biyu a 2025. Nan gaba kaɗan Cristiano Ronaldo da Kevin De Bruyne da Mohamed Salah da Harry Kane da N'Golo Kante da Virgil van Dijk da Jamie Vardy za su ajiye ƙwallo, kuma kowannensu zai cinye ƙuri'ar jama'a a shekararsa ta farko. Idan biyu-biyu za a ci gaba da ɗauka, mutanen shekarun 1990 sun shiga uku. Amurkawa sun warware wannan da kwamiti na daban mai duba tsofaffin da aka tsallake. Ku ware gurbi ɗaya duk shekara ga waɗanda suka bar gasar fiye da shekara 15, ku ba waɗanda suka buga da su da 'yan jaridar da suka kalle su ido da ido su zaɓa.

Ba na neman ku cire kowa. Wanda aka riga aka rataya wa lamba a gaban iyalinsa, ƙwace ta wulaƙanci ne, kuma laifin ba nasa ba ne. Abin da nake nema shi ne ku buga sunayen masu yanke hukunci, ku buga yawan ƙuri'ar da kowane ɗan takara ya samu, ku faɗi kashi nawa ne na jama'a kashi nawa ne na kwamiti. Idan kun ga ba za ku iya hana mutane tuna Munich da Istanbul ba, ku goge sharaɗin Firimiya zalla, ku huta mu huta. Kuma kafin zaɓe na gaba ku fito ku yi magana a kan Giggs, ko ta shiga ko ta hani, da dalilinku.

In kun sake buɗe ƙuri'a, Vidic da Yaya Toure zan jefa wa, idan har kun sa sunayensu.

Wassalam.

Naku,
Wani mai kallon Firimiya daga Kano.